Rabin Awa a Ƙofar Ɗakin Kaka

Ranar Asabar da ta wuce ɗana ya kawo masu feshi gida. Su biyu ne, sun rufe baki da hanci, kowanne da tanki a baya kamar mai goyo. Aka ce mu koma gidan maƙwabta sai bayan la'asar. Da muka dawo na tarar ana shara, na tsaya a kan abin da tsintsiya ta tara a bakin rariya: kyankyasai, ƙudaje, tsaka biyu, ƙudan zuma, da wani ɗan ƙadangare da bai kai tsawon yatsana ba, ya kwanta rigingine hannuwa a buɗe. Matar ɗana ta ce, "Hajiya, yau kam za ki yi barci, gida ya yi fes." Na sa mata albarka, don ba ta yi laifi ba, 'ya'yanta take karewa daga zazzaɓi. Amma warin nan da ya kama labule ya bi ni har kan sallaya. Na san shi. Na riga kowa a gidan nan saninsa, kuma da hannuna na fara kai shi inda aka hana ni.

A lokacin da nake magana Turawa ba su tafi ba, Unguwar Sarki kuma ba ta zama wannan jerin dogayen katangu masu waya a kai ba. Darni ne da katangar ƙasa, kazar wani ta yi ƙwai a gidan wani, a aiko da shi har gida. Da asuba muryar ladan ce zalla, babu lasifika, sai ka kasa kunne kafin ka tsinto ta. Bayanta bigilar soja daga bariki, sannan kukan jirgin ƙasa can wajen kogi, daga nan sai taɓarya ta karɓa gida-gida. Hantsi na yi matan Gwari za su shigo da itace a kafaɗa, su sauke a ƙofar gida suna share gumi, a miƙa musu ruwa tun kafin a fara ciniki. Yanzu janareta ne ke tashe ni, shi ne kuma ke raka ni barci, maƙwabcinmu na hannun dama ya shekara biyar ban ga fuskarsa ba sai ta gilashin mota.

Mahaifina akawu ne a ofishin gwamnati, mai keke da agogon tebur, mutum mai son a ce gidansa ya waye. Ya gina ɗakuna uku na kwano a jere. Mahaifiyarsa kuwa, wadda muke kira Kaka, ta ce ita ba za ta kwana a cikin tukunya ba, sai da aka yi mata ɗakin ƙasa mai jinka a ƙuryar gida, da ƙyauren da aka ƙera da fasassun gwangwanayen kananzir. Sunanta aka sa mini, saboda haka tun ina rarrafe ba ta kirana da komai sai Takwara. Ita ta koya mini abubuwan da na ɗauka duk duniya haka ake yi. Ba ta sa itace a murhu sai ta buga shi da ƙasa sau uku, ta ɗan jira, don tururuwar da ke ciki ta samu ta fita. Ba ta zubar da ruwan zafi sai ta surka shi, ta yi bisimilla, ta duba ƙasa. In ta ga na ɗauko tafasasshen ruwa zan watsar, sai ta ce, "Takwara, ƙasan nan da kike gani babu kowa, cike take da masu gida." In tana tankaɗe, dusar farko ta kaji ce, tsabar da ta zube kuma ba a share ta, ta baiwar Allah ce.

Yaran yanzu ba su san baiwar Allah ba. Tsuntsuwa ce 'yar mitsitsiya, namijin ja kamar an tsoma shi a ruwan goro, macen ƙasa-ƙasa. Ba ta tsoron mutane. Tana shiga har ɗaka, ta yi tsalle-tsalle a gefen tabarma tana tsintar tsaba kana zaune. Ko yaran da suka fi kowa ƙiriniya ba sa harbinta da danƙo. Akwai biyu, mace da namiji, da suka mai da ɗakin Kaka gidansu, suna shige da fice ta 'yar kafar da ke tsakanin saman ƙyaure da jinka. Kaka takan ce duk ɗakin da suka ƙi shiga, mai ɗakin ya binciki zuciyarsa.

Ni kuwa a lokacin ina makarantar kwana ta 'yan mata, abin da ba kowace yarinya ke samu ba, kuma na san da haka, kaina ya yi girma. Muna da wata malama Baturiya mai koya mana tsafta da kiwon lafiya. Ta zana mana sauro a allo, ƙato kamar zakara, ta nuna mana yadda yake ɗaukar zazzaɓi daga jikin wani ya kai wa wani. Ta koya mana feshi: a kori kowa daga ɗaki, a toshe kowace kafa da tsumma, a fesa, a ja ƙofa, a jira rabin awa cif. Ta ce wanda ya buɗe kafin lokaci ya yi asarar magani, ya yi aikin banza. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu da jan alƙalami. Na ci maki goma cikin goma a wannan darasi, har yau ina tunawa, kuma ba da daɗi nake tunawa ba.

Da na dawo hutun damina na tarar Baba ya sayo famfon feshi, irin mai gwangwani a baki, ana turawa ana ja. Na tarar kuma Kaka ta rame, zazzaɓi ya kwantar da ita sau biyu tun farkon ruwa. Na ce mata a bari in fesa ɗakinta. Ta dube ni ta dubi famfon.

"Kayan naku ya tsaya a ɗakunan kwano," in ji ta. "Sauron da ya cije ni, tsakanina da shi ne, in na kama shi na mare shi. Wannan abin naku kuwa ba ya tambayar wa ya yi cizon."

"Kaka, a makaranta fa aka koya mana."

"To 'yar boko, ki je ki fesa wa makarantar."

Aka yi dariya, har da Baba. Ni ban yi ba. A raina na ce tsohuwa ce, ba ta gane ba, in ta kwana ɗaya babu sauro ita da kanta za ta gode mini. Allah shi ne shaida, lafiyarta nake so. Amma yanzu da na kai shekarun da ta kai, na san ba lafiyarta kaɗai nake so ba, ina so a ce ni ce na yi daidai.

Wata Laraba aka yi suna a Kurmin Mashi, Kaka da mahaifiyata suka tafi tun da hantsi da ƙannena, Baba yana ofis, gida ya rage ni kaɗai. Na yi komai yadda aka koya mini. Na fitar da randar ruwanta da kwanon goronta. Na tarar da tsuntsayen nan biyu a ciki, na kaɗa zane na kore su waje, har ina yaba wa kaina da na tuna da su. Na cusa tsohon zane a 'yar tagar, na toshe kafar saman ƙyaure da tsumma. Na fesa ƙarƙashin gado, bayan adudu, cikin jinka, har kan ragayar da ke rataye a tsakiyar ɗaki da ƙoren Kaka a jere a cikinta. Na fito ina tari, na ja ƙyaure. Sannan na ɗauko agogon Baba na ɗora a kan turmin da aka kife, na zauna a gabansa kamar alƙali.

Ba a yi minti biyar ba macen ta dawo. Ta nufi kafar da ta saba shiga, ta ci karo da tsumma. Ta koma kan darni, ta sake dawowa. Sai ga namijin. Suka riƙa kai wa tsumman nan hari, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, fikafikansu na dukan gwangwanin ƙyaure, kas, kas, kas, ƙaramin sauti, bai kai na ɗigon ruwa a kwano ba. Macen akwai abu a bakinta. Na gani. Ni ba jaririya ba ce, na girma a gidan da ake kiwon kaji da tattabaru, na san abin da ke sa tsuntsuwa ta riƙe abinci a baki ba ta haɗiye ba. Na miƙe, na je bakin ƙofa, har hannuna ya taɓa ƙyauren. Sai na waiwaya na dubi agogo. Saura minti ashirin. Na tuna layi biyun nan na jan alƙalami. Na ce wa kaina ai wataƙila sheƙa take shirin yi, ai ƙwai ne, ƙwai ba ya numfashi, ai minti ashirin ba wani abu ba ne. Na koma na zauna. Da ƙarar ta dame ni ma, faifai na ɗauka na kaɗa musu.

Lokaci na cika na buɗe. Sauro birjik a ƙasa, har da gizo-gizo, na ji daɗi a raina. Tsuntsayen suka wuce ta kan kafaɗata, kai tsaye suka faɗa cikin wata tsohuwar ƙwarya mai tsaguwa da ke can saman ragaya, wadda Kaka ta daɗe ba ta sauke ba, ashe da dalili. Suka fito, suka koma, suka sake fitowa. Na jawo turmi na hau na leƙa. 'Ya'yansu ne, su huɗu, a cikin 'yar sheƙar ciyawa da gashin kaza, ko gashi ba su gama yi ba. Ɗaya bakinsa a buɗe yake, a haka ya tsaya. Na taɓa su, da sauran ɗumi.

Na sauko na share ɗakin tas, na mai da randa, na buɗe taga, na kunna turaren wuta. A rikicen da nake na manta da tsumman saman ƙofa.

Kaka ta dawo bayan la'asar. Ƙafarta ɗaya ce ta shiga ɗakin, ta tsaya, ta ja numfashi. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga kai ta dubi ragaya, ta daɗe tana sauraro, sannan ta ce, "Ke, zo ki sauko mini da ƙwaryar can." Ke ta ce. Tunda nake ban taɓa jin ta ce mini ke tsurarta ba. Na sauko da ita, ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a bakin ƙofa ta ɗora a cinya. A haka Baba ya shigo da kekensa ya same mu. Da ya ji abin da ya faru sai ya ce, "Inna, a yi haƙuri, yarinya ce, alheri ta yi nufi. Kuskure ne, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba."

"Haka ne," in ji Kaka, "da abin da bai sani ba." Sai ta juyo gare ni. "Iyayen suna ina da kika rufe?"

"Na kore su waje, Kaka, don kada ya taɓa su."

"Ba su dawo ba?"

"Ban gani ba."

"Ba ki ji komai ba?"

"Ban ji komai ba, walla..."

Ta ɗaga hannu da sauri. "Kada ki rantse. Ba a ce ki rantse ba."

Muka tona rami a gindin lallen da ke bayan ɗakinta muka rufe su. Ta ce in yi istigfari, na yi. Baba ya shafa kaina ya ce magana ta wuce, har ya ce ɗakin ai ya yi kyau. Mahaifiyata ta yi mini faɗan shiga ɗakin manya ba izini, shi ke nan. A wurin kowa an yafe mini. Sai dai yarinyar da aka yafe wa, wadda ba ta gani ba kuma ba ta ji ba, ba ni ba ce.

Iyayen sun yi kwana uku suna zagaya ragayar, daga nan ba su ƙara shiga ba. Kaka ta ci gaba da zuba tsaba, 'yan uwansu na sauka a tsakar gida su ci, amma babu wadda ta ƙara ƙetare dokin ƙofarta. Ba ta daina yi mini magana ba, tana aikena, tana ba ni ɓarin goro in kai wa mahaifiyata, amma Takwara ta ɓace daga bakinta. Ni kuwa sallah ta gagare ni. In na yi kabbara sai in ji kas, kas, kas. Na tuna abin da malaminmu na allo ya taɓa gaya mana game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. A da in na ji labarin nan muguwar mace nake hangowa, mai jajayen idanu. Yanzu na gane ita ma ƙofa kawai ta ja, wataƙila ma tana da nata dalilin mai kyau.

Ranar da zan koma makaranta, Baba ya ɗaure akwatina a bayan keke zai raka ni tasha, na shiga yi wa Kaka sallama. Tana zaune a kan buzu tana jan carbi. Na durƙusa, na ce mata zan tafi, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na kasa tashi.

"Kaka, na ji su. Sun dawo, na ga abinci a bakin macen. Na je zan buɗe, sai na ga lokaci bai cika ba."

Ta ajiye carbin. Ta miƙa hannu ta buɗe adudu, ta ciro tsumman nan, ta warware shi a kan cinyarta. Ƙananan gashi ne maƙale a jikinsa, ja da ruwan ƙasa.

"Tun ran nan na ciro shi," in ji ta. "Tsuntsuwar da ba ta yi kokawa da ƙofa ba, ba ta barin gashinta a tsumma. Wanda ke tsakar gida kuwa, in ba kurma ba ne, ya ji. Kwana goma sha bakwai ke nan ina jiranki."

Na fashe da kuka na ce ta yafe mini.

"Shigar da kika yi ɗakina, na yafe. Ƙaryar ma ni kika yi wa, tawa ce, na yafe. Ɗayan kuwa, Takwara, ba nawa ba ne. Ba zan yi kyauta da kayan wani ba."

"To wa zan roƙa?"

"Allah za ki roƙa, shi ba ya gajiya da mai roƙo. Amma mai haƙƙin tana da fiffike, kuma ba ta jin Hausa. Ki riƙa zuba tsaba duk inda aure ya kai ki. In wata rana ɗaya daga cikin jikokinta ta shigo miki har ɗaka, to ki sa rai."

Baba ya buga ƙararrawar keke daga waje, ya ce jirgi ba ya jiran kowa. Na tashi na tafi. Kafin babban hutu ya zagayo Kaka ta rasu, a makaranta aka aiko mini. Ba a daɗe ba aka rushe ɗakin jinkar, a wurin ne ɗana yake ajiye mota yanzu.

Na yi aure, na zauna a gidaje uku, na dawo gidan nan da na tashi. Babu safiyar da ban watsa tsaba ba, babu ranar da kaskon ruwa ya bushe a tsakar gidana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, dariya ya yi da na gaya masa, ya ce in dai wannan ne zunubina to in roƙa masa wuri kusa da ni a aljanna. Na tambayi malamai, wasu a zaure, wasu daga baya ta waya. Kafin in kai ƙarshen zance sun ba da amsa: kuskure ne, ƙuruciya ce, babu komai, maganar shigowar tsuntsuwa ɗaka kuma ba ta cikin kowane littafi. Na san ba ta ciki, ni ma na yi karatu daidai gwargwado. Ban yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ba, Allah ya tsare ni da wannan. Abin da ke ɓata mini rai shi ne saurin da kowa ke yi wajen yafe abin da ba shi aka yi wa ba. A cikin duk waɗanda na gaya wa, tsohuwar nan da ba ta san bihim ba ita kaɗai ce ta ɗauki minti ashirin ɗin nan da nauyin da na san suna da shi.

Tsuntsayen sun ci tsabata shekara da shekaru. Sau ɗaya, ina jegon ɗana na uku, wata ta sauka a kan dokin ƙofata, ta karkata kai ta dube ni. Na riƙe numfashi. Sai jaririn ya yi atishawa, ta tashi. Iyakar abin da na samu ke nan. Daga nan suka yi ta raguwa. Aka sare itatuwa, aka shafe tsakar gida da siminti, jinka ta ƙare, geron ma a leda yake zuwa a niƙe, babu abin da ke zubewa. Rabona da in ga baiwar Allah a unguwar nan har na manta. Da na kwatanta wa jikata, a waya ta nemo mini hotonta, ta ce, "Hajiya, wannan ce? Kyakkyawa." Na ce ita ce. Ta hoto ba ta shiga ɗaki.

Washegarin feshin nan na watsa tsaba kamar kullum. Da azahar na leƙa, tana nan yadda na zuba ta, ko tururuwa ba ta zo ba. Na shigo na zauna. A kusurwar ragar da aka sa wa tagata akwai wata 'yar kafa da na yanke da almakashi, faɗin tafin hannu. Matar ɗana ta sa an ɗinke ta sau uku, tana cewa ɓera ne, ni kuma ban gyara mata zance ba, ina bari a kwana biyu in sake yankewa. Ya zuwa yau, sauro ne kaɗai ya gane hanyar.